Takardun Shaida da na Tafiya: Daga Ayarin Fatake zuwa Jirgin Teku

Gabatarwa

Al'ummar ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, a masarautar Gwandu ta Jihar Kebbi, mutane ne da suka daɗe da sabawa da tafiya. Albasar da ake nomawa a Aliero takan kai kasuwannin Legas da Anacha da Fatakwal, har ta tsallaka zuwa ƙasashen maƙwabta. Maɗoran garin, waɗanda suka yi suna wajen ɗorin karaya, sukan zaga garuruwan Afirka ta Yamma da sana'arsu, majinyata kuma sukan biyo su har gida. Kasuwar Jega kuwa tun cikin ƙarni na 19 take mahaɗar fatake. Baya ga wannan, ga aikin Hajji da Umra, ga kuma neman ilmi a Sudan da Masar da sauran ƙasashe. Duk da wannan sabo, har yanzu akan sami mutumin da ya sayar da amfanin gonarsa na shekara, ya biya kuɗin tafiya, ya yi sallama da dangi, amma a mayar da shi daga bakin iyaka ko daga ƙofar jirgi, saboda takarda guda da bai tanada ba, ko saboda harafi ɗaya da ya saɓa a cikin sunansa.

A wannan babi za a yi bayanin takardun da matafiyi yake buƙata, da asalinsu, da dalilin da ya sa ake nemansu. Za a fi mayar da hankali a kan shiga jirgin ruwa, domin a nan ne sharuɗɗan suka fi tsanani, kuma ta nan ne Hausawa da yawa suka fara sanin abin da ake kira fasfo.

Ma'anar takardar shaida da takardar tafiya

Idan aka ce takardar shaida, ana nufin duk wata takarda ko kati da hukuma ta bayar domin tabbatar da ko wane ne mutum: sunansa, da kamanninsa, da ranar haihuwarsa, da inda ya fito. Katin ɗan ƙasa da katin zaɓe da lasin tuƙi duk suna cikin wannan rukuni. Takardar tafiya kuwa ita ce wadda wata ƙasa za ta karɓa a bakin iyakarta, ta buga mata hatimi, ta bar mai ita ya wuce. Ke nan kowace takardar tafiya takardar shaida ce, amma ba kowace takardar shaida ce ake tsallake iyaka da ita ba. Mai katin zaɓe zai iya nuna shi a banki ko a shingen jami'an tsaro tsakanin Jega da Koko, amma idan ya miƙa shi a Jidda, daidai yake da wanda ya miƙa ganye.

Ga ɗalibin harshe, akwai abin lura a kalmomin kansu. Fasfo da biza da tikiti duk ararrun kalmomi ne daga Ingilishi, kuma sun bi ƙa'idar aron kalmomi a Hausa, inda sautin /p/ yake komawa /f/, sautin /v/ ya koma /b/, a kuma yar da baƙin ƙarshe ko a ƙara masa wasali. Ita kalmar fasfo, Ingilishi ma daga Faransanci ya aro ta, inda aka haɗa kalmar da ke nufin wucewa da wadda ke nufin tashar jiragen ruwa. Wato tun daga sunanta, takarda ce ta wucewa a bakin ruwa.

Shaida kafin zuwan takarda

A zamanin fatauci, Bahaushe ba ya tafiya da wata takarda a aljihu, amma wannan bai sa ya zama marar shaida ba. Tsagar fuska takan nuna zuriyar mutum da ƙasarsa, ta yadda daga ganin Bakabe ko Bagobiri ko Ba'are an san inda ya fito. Karin harshensa ma shaida ne. Mafi muhimmanci kuma shi ne madugu. Ayarin da ya tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja neman goro, ya bi ta Jega, ya ƙetare Kwara a wajajen Illo, ya ratsa ƙasar Bargu, madugu ne yake magana da yawunsa a gaban kowane sarki. Shi yake daidaita kuɗin fito da na hanya, shi yake kai gaisuwa, shi kuma ake tuhuma idan wani ɗan ayari ya yi ɓarna. A zango kuma fatoma ne yake tsaya wa baƙonsa. A taƙaice, mutum ne yake shaidar mutum.

Manyan baƙi da jakadu su ne suke tafiya da wasiƙa mai hatimin sarki. A 1853, lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya nufi Tambutu, sai da ya tsaya wajen Sarkin Musulmi Aliyu Babba, sannan ya zo Gwandu a zamanin Sarki Halilu, yana neman takardar da za ta ba shi kariya a ƙasashen yamma. Aikin irin wannan wasiƙa shi ne aikin fasfo a yau: shugaba yana roƙon wani shugaba ya bar mutumin nan ya wuce ba tare da tsangwama ba.

Abin da ya sauya lamarin shi ne iyakokin Turawa. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka yi a 1898 da 1904 da 1906 sun raba ƙasar Dandi da ta Arewa, har aka wayi gari wa yana ƙarƙashin Ingilishi, ƙane yana ƙarƙashin Faransi. Bayan Yaƙin Duniya na Farko kuma, a 1920, aka yi taro a birnin Faris ƙarƙashin tsohuwar Majalisar Ƙasashen Duniya, inda aka amince da fasfo mai siffar ɗan littafi, ɗauke da hoton mai shi.

Alhazan ƙasa da mashigar Sawakin

Talakan ƙasar Hausa a hanyar Makka ya fara haɗuwa da wannan sabon tsari. Mahajjacin da ya tashi daga ƙasar Gwandu a farkon ƙarni na 20 yakan bi ta Kano da Maiduguri, ya shiga Fort Lamy, wadda ake kira Njamena a yau, ya wuce Abeshe da Aljinaina da Alfashir, har ya kai Al'ubayyid inda jirgin ƙasa ya iso a 1912. Tafiya ce ta shekaru, domin mutum yakan tsaya ya yi ƙwadago a gonakin auduga na Jazira kafin ya tara guzuri. A duk tsawon wannan hanya ana iya sulalewa ta daji a kauce wa jami'ai. Amma idan aka zo bakin Bahar Maliya, ƙafa ta ƙare, sai jirgi, shi kuwa jirgi ƙofa ɗaya gare shi.

A Sawakin, tsohuwar tashar da alhazan Afirka suke hawa jirgi zuwa Jidda, akwai wurin killace matafiya da ake kira karantina. A nan ake neman fasfon mahajjaci, da shaidar an yi masa lambar agana da allurar kwalara. Yarjejeniyar kiwon lafiya ta duniya da aka ƙulla a Faris a 1926 ta ƙara da sharaɗin cewa mahajjaci ya mallaki tikitin zuwa da dawowa, ko ya ajiye kuɗin da zai mayar da shi gida. Dalili shi ne annobar kwalara da ta sha ɓarkewa a lokacin Hajji tun ƙarni na 19, da kuma yawan waɗanda guzurinsu yake ƙarewa a Hijaz su rasa yadda za su koma. Waɗanda ba su iya cika sharuɗɗan ba sukan biya masu ƙananan jiragen iska su tsallakar da su da dare, a sauke su a wani gefen gaɓa nesa da gari. Da yawa sun halaka ta haka, a ruwa ko a ƙishirwar hamada, kuma babu wanda ya rubuta sunayensu, balle a aiko wa danginsu da labari.

Masu hali kuwa ta Ikko suke bi. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi Hajji a 1921 ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila. Jiragen fasinja na kamfanin Elder Dempster sun ci gaba da zirga-zirga tsakanin Legas da Ingila har zuwa 1974, kuma a cikinsu ne ɗalibai da ma'aikata da yawa na Arewa suka fara zuwa Turai. Daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano, sannu a hankali ya kashe hanyar ƙasa.

Fasfon Nijeriya

Hukumar Shige da Fice ta Nijeriya ita take bayar da fasfo. An cire ta daga cikin rundunar 'yan sanda a 1958, aka kafa ta da doka a 1963. A 2007 ta fara bayar da fasfo mai ɗauke da ƙwayar na'ura a cikin bangonsa, wadda take adana hoton mai shi da zanen yatsunsa. A 2019 aka fito da wani sabo mai iya kaiwa shekara goma. Fasfon gama-gari kore ne, na ma'aikatan gwamnati masu tafiyar aiki shuɗi, na jakadu ja. Akwai mai shafi 32 na shekara biyar, akwai mai shafi 64 wanda ake iya yi na shekara goma. Daga 1 ga Satumba 2025 aka mayar da kuɗin na farko naira 100,000, na shekara goma kuma naira 200,000 ga mai nema a cikin gida, wato ninkin abin da aka sanya a 2024. A da akwai fasfo na musamman na alhazai wanda ake amfani da shi sau ɗaya, amma daga Hajjin 2009 Saudiyya ta ce sai fasfon ƙasa da ƙasa.

Shi fasfo a kan wasu takardu yake tsayawa, kamar yadda ɗaki yake tsayawa a kan harsashi. Ta farko ita ce lambar shaidar ɗan ƙasa mai alƙaluma 11, wadda aka fi sani da NIN, daga hukumar da aka kafa da dokar 2007 domin rajistar 'yan ƙasa. Sai takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ko takardar rantsuwa ta kotu ga wanda aka haifa ba a yi masa rajista ba. Sai takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, wadda a al'adance ba a bayar da ita sai mai unguwa ko hakimi ya shaida mutum. A nan za a ga cewa tsohon tsarin nan na mutum ya shaidi mutum bai mutu ba, shiga ya yi ƙarƙashin takarda. Yaron da bai kai shekara 18 ba sai da takardar amincewar iyayensa. Ana cike buƙata ta intanet, a biya kuɗi, sannan mai nema ya je da kansa ofishin fasfo, wanda ga mutanen wannan yanki yana Birnin Kebbi, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Wannan mataki ba a yin aike a cikinsa. Duk dillalin da ya ce zai kawo wa mutum fasfo na farko har gida ba tare da ya je an ɗauki yatsunsa ba, to ko dai jabu zai kawo, ko ya gudu da kuɗin.

Matsalar suna da ranar haihuwa

A nan ne Bahaushe ya fi shan wahala, kuma dalilin yana cikin al'adarsa ta sanya suna. Mutum ɗaya yana da sunan yanka, da laƙabin da iyaye suka ɓoye sunan da shi saboda alkunya, da sunan rana, wani lokaci har da sunan sana'a. Wanda aka raɗa wa Abubakar, a gida Garba ne, a kasuwa Buba, a makaranta kuma malamin da ya yi masa rajista ya rubuta Bukar. Usman yana iya zama Shehu, Ibrahim ya zama Iro, Hauwa'u ta zama Kulu, A'ishatu ta zama Indo. Duk mutanen gari sun san mutum ɗaya ne. Na'ura ba ta san alkunya ba; a wurinta mutum huɗu ne.

Ko an tsaya a kan suna ɗaya, rubutunsa a boko ya bambanta. Muhammadu da Muhammad da Mohammed da Mamman duk suna yawo a takardun mutum guda. Sannan ga al'adar nan ta makarantun Arewa, inda ake liƙa wa yaro sunan garinsu a matsayin sunan ƙarshe, shi ya sa ake da Jega da Maiyama da Aliero a ƙarshen sunayen mutane da yawa. Shi kansa sunan garin ana samunsa a takardun hukuma da rubutu biyu, Aliero da Aleiro. Ɗalibin da takardar firamarensa take ɗauke da ɗaya, ta sakandare take ɗauke da ɗayan, lambar ɗan ƙasarsa kuma take ɗauke da sunan kakansa, zai gane kurensa ranar da ya je neman biza.

Mata suna da tasu ƙarin matsalar. A al'adar Hausa da ta Musulunci, mace ba ta barin sunan mahaifinta don ta yi aure, amma tsarin ofis ya sa wasu suna ɗaukar sunan miji, wasu ba sa ɗauka. A watan Satumba na 2012, hukumomin Saudiyya sun tsare ɗaruruwan mata maniyyata 'yan Nijeriya a Jidda da Madina, aka kuma dawo da da yawa daga cikinsu, a kan batun muharrami. Cikin abubuwan da aka ba da rahoto a lokacin har da cewa wasu suna tare da mazajensu, amma sunayen da ke fasfo ba su nuna alaƙar ba. Saudiyya ta sassauta sharaɗin muharrami daga baya, amma abin da ya faru ya nuna amfanin riƙe takardar shaidar aure ga ma'auratan da sunayensu na ƙarshe suka bambanta.

Ranar haihuwa ma haka take. Dattijo yakan ce an haife shi da kaka, shekarar da aka yi fara, ko shekarar da aka naɗa wani sarki. Ma'aikacin rajista sai ya ƙiyasta, ya rubuta 1 ga Janairu. Wani kuma da gangan ya rage shekaru lokacin neman aiki, ya manta da abin da ya rubuta a wata takardar. Tun da yanzu daga rumbun NIN ake ɗauko bayanan fasfo, duk kuskuren da ke can shi zai bayyana a nan, gyaransa kuma yana cin kuɗi da makonni. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya dace shi ne mutum ya zaɓi suna ɗaya da rubutu ɗaya da rana ɗaya tun yana makaranta, malaman firamare kuma su san cewa abin da suka rubuta a rajistar aji ɗaya zai iya bin yaro har tsufansa.

Iyakar Kamba da ƙasashen maƙwabta

Ɗan kasuwar da zai bi ta Kamba zuwa Gaya a Nijar, ko ta Tsamiya da Lolo zuwa Benin, ba ya buƙatar biza. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas a 1975, a 1979 kuma aka sa hannu a Dakar a kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90. Sai dai yarjejeniyar ba ta ce a tafi hannu rabbana ba; ta ce sai da takardar tafiya mai inganci da shaidar rigakafi. Don sauƙaƙa wa masu ƙaramin ƙarfi aka fito da takardar tafiya ta ECOWAS a 1985, a 2014 kuma shugabannin suka amince da katin shaida na zamani da zai maye gurbinta. Da yawa daga masu fataucin albasa ba su riƙe ko ɗaya, sun dogara da sanayya da ɗan abin da za su miƙa a shinge. Idan aka lissafa abin da suke kashewa ta haka a shekara, sau da yawa ya fi kuɗin takardar, ga kuma wulaƙanci.

Takarda ma ba ta buɗe iyakar da gwamnati ta rufe. An rufe iyakokin ƙasa na Nijeriya a Agustan 2019, ita Kamba ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. An sake rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, Nijeriya ta buɗe ɓangarenta a Maris 2024. A 29 ga Janairu 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, ko da yake ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da zirga-zirga ba biza har sai an yi wani sabon shiri.

Shaidar rigakafi

Katin rigakafi na ƙasa da ƙasa, wanda ake ganewa da launinsa ruwan ɗorawa, jikan takardar nan ce ta karantinar Sawakin. Agana ta kau daga duniya tun 1980, don haka yanzu zazzaɓin shawara ne babban abin da katin yake shaida. Sauro ne yake yaɗa cutar, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen da take samuwa, shi ya sa ƙasashe da yawa ba sa barin wanda ya fito daga nan ya shiga sai da katin. Ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, domin a lokacin ne jiki yake gina kariya. A da yakan ƙare bayan shekara goma, amma daga Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi na tsawon rai. Sashen kiwon lafiya na tashoshin shiga ƙasa, a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, shi yake bayar da shi.

Maniyyaci yana da ƙarin allurar sanƙarau da ɗigon shan inna. Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar dogon bayani a kan sanƙarau: annobar 1996 ta sa Saudiyya ta hana alhazan Nijeriya shiga a wannan shekara, a farkon 2025 kuma cutar ta sake ɓulla a ƙananan hukumomin Gwandu da Aliero da Jega, ta yi kisa. Wanda ya sayi kati ba a yi masa allura ba, jami'i ya ruɗa, amma ƙwayar cuta ba ta karanta kati.

Shiga jirgin teku a yau

Jirgin ruwan fasinja iri biyu ne. Akwai na fito, mai ɗaukar mutane daga gaɓa zuwa gaɓa, irin wanda ke tsakanin Sawakin da Jidda. Wannan fasfo da bizar ƙasar da aka nufa da tikiti da katin rigakafi sun wadatar. Akwai kuma na yawon shaƙatawa, wanda yake kamar gari guda a kan ruwa, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci, yana ɗaukar dubban mutane yana zagaya tashoshi na kwana bakwai ko fiye. Ɗan Nijeriya mai son shiga irin wannan yakan fara hawa jirgin sama zuwa inda jirgin yake tashi, kamar Basalona ko Dubai ko Daban a Afirka ta Kudu. Tun daga 2021 irin waɗannan jirage suka fara tashi daga Jidda.

Abin da ya sa sharuɗɗansa suka fi na jirgin sama tsanani shi ne tafiya ɗaya ce amma ƙasashe da yawa. Kamfanoni galibi suna neman fasfon da ya rage masa aƙalla wata shida bayan ranar da tafiyar za ta ƙare, da shafuka marasa hatimi. Sannan sai bizar kowace ƙasa da jirgin zai tsaya, kuma a wurare da yawa ba a karɓar uzurin cewa mutum ba zai sauka ba, domin da zarar jirgi ya shiga tashar ƙasa, duk wanda ke cikinsa ya shiga ƙasar. Alal misali, jirgin da ya tashi daga Italiya, ya tsaya a Turkiyya, ya dawo Girka, ya fita daga yankin bizar bai-ɗaya ta Turai, wato Shengen, ya sake shiga. Mai bizar shiga sau ɗaya ya riga ya cinye tasa tun a filin jirgin saman Italiya, don haka mai shiga sau da yawa yake buƙata, ban da ta Turkiyya. Idan jirgin zai taɓa Ingila, wannan wata biza ce dabam. Kamfani ba ya sassauci a nan, domin shi ake ci tara idan ya kawo wanda ba shi da izini, kuma a ƙa'idar yawancinsu wanda aka hana shiga saboda rashin takarda ba a mayar masa da kuɗinsa.

Sunan da ke tikiti dole ya zo daidai da na fasfo, harafi da harafi. Yaron da yake tare da ɗaya daga iyayensa, ko da kawu ko gwaggo, akan nemi takardar haihuwarsa da rubutacciyar amincewar iyaye. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da ya kai mako 24, ko jaririn da bai kai wata shida ba, saboda asibitin jirgi ƙarami ne, tudu kuma yana da nisa. Bayan an tantance mutum, sai a ɗauki hotonsa a ba shi kati guda, wanda shi ne mabuɗin ɗakinsa, shi ne abin sayayyarsa, shi ne kuma ake dannawa a na'ura duk lokacin da ya sauka ko ya hau. A wasu hanyoyin ma'aikatan jirgi sukan karɓi fasfo su ajiye, domin jami'an kowace tasha su duba su gaba ɗaya. Wanda ya makara a gari, jirgi ba ya jiransa. Akan bar fasfonsa a hannun wakilin kamfani a tashar, shi kuma ya nemi hanyar cim ma jirgin da kuɗinsa. Wanda fasfonsa ya ɓata a ƙasar waje sai ya kai rahoto ga 'yan sanda, ya nemi ofishin jakadancin Nijeriya ya ba shi takardar gaggawa, wadda gida kawai take kai mutum.

Duk wannan ƙididdiga tana da tushe a dokar teku. Bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912 aka ƙulla yarjejeniyar kare rayuka a teku a 1914, wadda aka sabunta a 1974. Ta wajabta a ƙirga duk wanda ke cikin jirgin fasinja kafin ya tashi, a rubuta sunansa da jinsinsa, a nuna babba ne ko yaro ko jariri, a kuma bar kwafin bayanan a tudu domin masu ceto. Daga Yulin 2004 aka ƙara dokar tsaron jirage da tashoshi, wadda ta hana kowa hawa jirgi ba tare da an san ko wane ne ba. Bayan haɗarin jirgin Costa Concordia a gaɓar Italiya a 2012 kuma, aka wajabta tara fasinjoji a koya musu sanya rigar ruwa kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi.

Wannan batu na rubuta sunaye ya shafi Jihar Kebbi kai tsaye, ko da yake ba ta da teku. A ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako da ya ɗauko 'yan kasuwa da ma'aikata daga Jihar Neja ya tsage a kan Kwara kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski, mutane fiye da ɗari suka salwanta. Rahotannin da suka fito a kwanakin sun saɓa wa juna a kan adadin waɗanda ke ciki, masu ceto suna ta nema ba su san ranar da za su ce sun gama ba. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wadda aka kafa a 1997, ta tanadi cewa a rubuta sunayen fasinjoji kafin jirgi ya bar gaɓa, kowa ya sanya rigar ruwa, a kuma daina tafiyar dare. A mashigai da yawa na Yawuri da Ngaski da Bagudo, ranar kasuwa, mai fito yakan karɓi kuɗi ne kawai ya tura jirgi, kuma ba kasafai ake samun fasinjan da zai tambayi inda littafin sunaye yake ba.